Ranar da Na Faɗi Aibin Mota a Mararrabar Roni

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Littafin da nake rubutun nan a ciki tun bara waccan na saye shi, kuma sau uku ina cika shafin farko ina yagewa. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan doka, wani yaro ya ɗauka ya je ya yi wa mai bindiga gardama da shi. Ina kuma tsoron in faɗi maganar mutumin da ba ya nan balle ya gyara mini.

Abin da ya sa na daure wata gardama ce da aka yi a gabana a tashar Kazaure. Wasu 'yan sanda sun tsayar da wani mai babur mai ƙafa uku, suka sauke masa fasinja, suka ce ya kai su wani wuri. Da ya dawo, samarin tasha suka rabu biyu, wasu na cewa hukuma na da wannan iko, wasu na cewa ba ta da shi. Ɗaya ya juyo ya ce, "Baba Hamisu, ku da kuka tsufa a kan sitiyari, me doka ta ce?" Na ce ban sani ba. Suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Tuƙi dai ai murɗa ka tafi ne, Baba. Ba mamaki ba ku koyo komai a ciki ba." Ban ji haushinsa ba. Gaskiya na faɗa musu. Na haura shekara arba'in ina wannan tambaya, har yau ban sami amsar da ta zauna ba. Amma dalilin da ya sa nake tambayar na san shi, kuma shi zan rubuta.

Lodin farko da na taɓa bi na gyaɗa ne, daga Gwiwa zuwa Kano, ba da daɗewa ba bayan samun mulkin kai. Motar ta Alhaji Sule ce, wani mai sayen gyaɗa a Babura, babbar mota koriya mai bodin katako. Direbanta Malam Mato, mutumin Roni, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya magana sai in zai yi wa mutum tsiya. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa bayan na gama makaranta aikin ofis bai samu ba. Ni Maigida nake ce masa. Ranar nan bai koya mini komai ba, sai ya miƙo mini weji, guntun katako mai hannu, ya ce, "Riƙe wannan. Shi ne lasisinka na bana."

Aikin weji shi ne, in mota ta fara nishi a hawan dutse, ka diro da gudu ka cusa shi a bayan taya kafin ta fara komawa baya. Wanda bai taɓa durƙusawa a bayan mota cike da buhuna, a hawan nan na tsakanin duwatsun Kazaure, yana jin tana niyyar dawowa kansa ba, kada ya ce mini tuƙi murɗawa ne. Shekara biyu ban taɓa sitiyari ba sai da tsumma. Na koyi tayar da inji da ƙarfen murɗawa ta gaba, na koyi cewa ba a zagaye ƙarfen da babban yatsa, don in inji ya yi tutsu zai karya shi. Na koyi cire taya da jak a cikin yashi, da yin faci a gindin bishiya, da bugun famfon hannu har kafaɗa ta mutu. Ba ma tashi sai da garwar ruwa biyu, da shebur, da igiya, da tamfol, da dunƙulen waya. Wayar nan ta fi sifana amfani. Ƙofar direba ma da ita muke ɗaurewa.

Hanyoyin duk burji ne da gargada. Ran kasuwar Babura mukan ɗora mutane a kan kaya: fatake daga Nijar da sefarsu a ƙulle a bakin zani, matan Fulani rungume da ƙorai, masu awaki. Akwai wani dattijon Bafulatani da ya rantse ba zai hau ba sai an sa ragonsa a gaba kusa da direba. Maigida ya dube shi ya ce, "To Ardo, shi ya zauna gaba, ku ku hau sama, tunda ya fi ku daraja." Dattijon ya ce ya yarda. Haka muka je Kazaure, rago na tauna mini hula.

Saboda na iya rubutu, ina da ɗan littafi a aljihu da nake sa ranar da aka canja baƙin mai da tayar da aka yi wa faci. Kuma ni mutum ne mai wasi-wasi. In na ɗaure kusoshin taya, sai na sauka na sake dubawa, in mun yi nisa in ce a tsaya in ƙara dubawa. Shi ya sa Maigida ya sa mini suna Akawu. Yakan leƙo ta taga ya ce, "Akawu, in ka gama gaisawa da kusoshin, ka tambaye su ko sun karya kumallo."

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi a gidansa na Roni, Alhaji ya turo wani direba ya karɓi motar na kwana biyu. Ina zaune a zaure. Maigida na kwance a tabarma yana rawar sanyi, makulli a ƙarƙashin matashinsa, ya ƙi bayarwa sai da ya zaunar da mutumin. Ya ce, "Birkinta sau biyu ake takawa. Na farko gaisuwa ce, na biyun take amsawa. Lamba biyu tana ficewa a gangara, sai ka tokare giyar da gwiwa. Lagireto yana shan ruwa, kada ka wuce Dambatta ba ka ba shi ba. Maimaita in ji." Mutumin ya ji kunya, don shi ma ba yaro ba ne, amma ya maimaita. Da ya fita, Maigida ya ce mini, "Ka ji ko? Ba a miƙa makulli sai an faɗi aibin mota. Wanda ya ɓoye, in aka mutu a ciki, shi ya yi kisan, ko yana kwance a ɗakin matarsa." Duk direbobin zamaninmu haka suke yi. Ni dai abin ya shige ni fiye da kowa.

Bayan na sami lasisi, wata ranar muna dawowa daga Kano gab da magariba, sai na ga ya rage gudu a inda babu dalili. Ya matso da fuskarsa jikin gilashi ya ce, "Akawu, wancan jaki ne ko kwalbati?" Na ce, "Maigida, mutum ne da kara a ka." Can ya tsaya ya ce, "Karɓi, bayana ke ciwo." Dundumi ne ya kama shi. Da rana idonsa garau, rana na faɗuwa ba ya ganin komai sai hasken fitila. Bai taɓa kiran sunan ciwon ba, ni ma ban taɓa ba. Da Alhaji ya sani, da aikin ya ƙare, da tasha ta sani, da an yi ta nuna shi. Daga ni sai matarsa, Iya Hajo, muka sani. Sai muka raba aiki ba tare da mun yi magana ba: shi ya ja da safe, ni in karɓa daga la'asar. In mun zo hawa, shi da kansa yake sauka da weji, yana cewa ƙafarsa yake miƙewa.

Shekarar da ta ɓaci ita ce ta biyu da fara yaƙin basasa. Taya ta yi wuya, kayan gyara sun yi wuya, kuma a tasha ana ta raɗe-raɗin cewa ana karɓar manyan motoci ana tura su kudu. A namu yankin ba mu taɓa gani ba.

Ranar nan mun taso daga Roni da buhunan dawa da mutum shida ko bakwai a sama. Mun yi la'asar a hanya, ni ke jan motar. A mararrabar da hanyar Roni ta haɗu da ta Kano muka tarar da motar sojoji a gefe, an ɗage murfin injinta, su kuma kamar goma sha biyu suna zaune a kan akwatuna. Wani saja dogo ya ɗaga hannu. Ba da faɗa ya zo ba. Hausarsa irin ta bariki ce.

"Direba, faka. Sauke mutane, sauke kaya."

"Yallaɓai, lafiya?"

"Lafiya lau. Motar mu ya mutu. Gwamnati yana son naka. Kano kawai. Gobe ka zo bariki ka ɗauka."

Muka sauke buhuna a bakin hanya, su suka ɗora akwatunansu. Saja ya kira wani kofur, wanda shi ne direbansu, ya ce in ba shi makulli. Na ba shi.

Ina so masu karatu su lura da wannan wuri da kyau. Mota kawai suka nema. Ba su nemi mutum ba. Kofur ya riga ya sa ƙafa a matakala. Da na rufe bakina, da ni da Maigida mun taka zuwa gida tare. Amma na dubi samarin da ke hawa baya, waɗansu ko gemu ba su yi ba, na tuna gangarar da ke gaba, sai na ji bakina yana cewa, "Yallaɓai Kofur, dakata tukuna."

Na faɗa masa birki. Na faɗa masa lamba biyu da gwiwa. Na faɗa masa lagireto. Tsoro ya sa na ƙara har da waɗanda ba su kai a faɗa ba, sitiyarin da ke ja hagu, da fitilar da sai an buga mata hannu. Ina magana fuskar Kofur na canjawa. Saja ya matso yana saurare, da na gama ya yi dariya ya ce, "Wannan mota ne ko kakar ka? Kofur bai iya wannan rawa ba." Ya nuna ni da sanda. "Kai ka san shi. Kai za ka ja."

A lokacin matata Ladi na da ciki wata takwas, na fari. Maigida ya sani, don Iya Hajo ce ke kula da ita. Sai ga shi ya zagayo daga bayan mota, weji a hannunsa.

"Yallaɓai, wannan ai yarona ne, koyo yake yi. Bakinsa ne kawai ya iya mota. In kuka ba shi, sai ya tsaya sau goma yana duba taya, ku kwana a hanya. Ni ne direban."

Saja ya dube shi, ya dube ni. "Gaskiya ne?"

Lasisina na cikin aljihuna. Rana ta riga ta sauka kan duwatsu. Na san da wannan kaya, a wannan hanya, duhu zai same su kafin Dambatta. Na san abin da idon Maigida ke zama in duhu ya yi. Ni da na gama lissafa aibin mota ɗaya bayan ɗaya ba a tambaye ni ba, yanzu an tambaye ni. Maigida ya zuba mini ido, bai ƙifta ba.

Na ce, "Maigidana ne, Yallaɓai."

Ba ƙarya na yi ba. Amma ba abin da aka tambaye ni ke nan ba.

Ya karɓi makulli daga hannun Kofur, ya jefa weji a ciki, ya hau. Da ya ɗaure ƙofa da waya sai ya leƙo ya ce, "Akawu, ka ce wa Iya kada ta ajiye mini tuwo. Kuma ka rufe bakin nan haka, ka yi surutu da yawa yau." Na ga gwiwarsa ta sauka sau biyu yana gwada birki. Suka tafi.

Sai da ƙurar ta kwanta na tuna ban nemi takarda ba. Ban tambayi sunan Saja ba. Ban rubuta lambar motarsu da ta mutu ba, ga ta a gabana, ga littafi a aljihuna. Na ce gobe na rubuta. Da na dawo washegari da hantsi an riga an ja ta.

Ni da Alhaji Sule muka je Kano. A ƙofar bariki aka ce, wane saja, ina takarda? Kwana huɗu muna zuwa muna zama a gindin katanga. Muka dawo ofishin 'yan sanda, wani sufeto mai furfura ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, lokacin yaƙi ne, ƙasa na cikin dokar ta-ɓaci. Ku yi haƙuri, za ta dawo." Na ce, "Yallaɓai, doka ta ba su ikon karɓa ke nan?" Ya dube ni ya ce, "Kai ne ka ba da makullin ko ƙwata aka yi?" Na ce ni na bayar. Ya ce, "To." Ya rufe littafinsa. Wani akawun kotu kuma da muka samu a waje ya ce ko a yaƙi akwai ƙa'ida, dole a ba mai mota takarda, in ba takarda ba abin da za a kama. Alhaji ya sa hula ya ce shi ya bar wa Allah motarsa.

Labari uku kawai muka taɓa samu. Mai sayar da fetur a Dambatta ya ce ya ga motar ta wuce bayan magariba tana tafiya kamar ta jana'iza, wani soja na zaune a kan madigadi, saman tayar gaba, da tocila yana kiran hanya. Bayan sati biyu wani direban Kazaure ya gan ta a Kaduna cikin jerin motoci, ba a bar shi ya matsa ba. Watanni bayan haka wani ya ce ya gan ta kusa da gadar Makurdi, an shafe ta da wani fenti, amma ya gane ta da wayar ƙofa, kuma wani gajeren dattijo a kan sitiyari ya ɗaga masa hannu. Daga nan shiru. Da yaƙi ya ƙare direbobi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu da motoci, wasu a ƙafa. Duk wanda na ji ya sauka, ko a Daura ne ko a Kano, sai na je na same shi. Ba wanda ya san Mato na Roni.

Iya Hajo ta zauna ba ita ce matar aure ba, ba ita ce mai takaba ba. Da danginta suka kai magana gaban alƙali, ya sa aka yi cigiya, ya yanka mata shekara huɗu. Ranar da suka cika aka kira ni shaida, tunda ni ne na ƙarshen ganinsa. Kafin mu tafi na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa daga nesa na faɗa mata komai, har tambayar Saja da amsar da na bayar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hamisu, kullum magariba ni nake ajiye masa buta a gefen turmi, inda ƙafarsa za ta same ta. Ka zaci ban san da wane ido ya tafi ba?"

Na ce, "Iya, da na faɗa musu..."

"Da ka faɗa, da da kai suka tafi. Da Ladi ce zaune a nan tana tsintar wake." Ta kaɗe faifan. "Ban ce ka kyauta ba. Ban kuma ce ba ka kyauta ba. Tashi mu je, alƙali ba ya jiran mutum."

Ta yi takabarta ba gawa ba kabari.

Shekarun man fetur sun same ni a kan tirela, ina ɗauko siminti daga Legas. An canja hannun tuƙi, an zuba kwalta, motoci sababbi sun cika hanya, birki taka ɗaya. Direbobi sun ji daɗi a lokacin. Ni duk tashar da na kwana, daga Jebba har Makurdi, sai na zagaya bayan gareji inda ake jibge matattun motoci, ina duba ƙofofi. Abokan aiki suka ɗauka kayan gyara nake nema.

Da ƙarfi ya ragu na koma jan ƙaramar bas tsakanin Kazaure da Kano. Wata rana wani lauya ya zauna a gaba, na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce, "Baba, dukiyar mutum ba a karɓe ta da baki kawai. Sai da dokar da ta ba da izini, da takarda, da diyya. Amma na zamanin yaƙi da mulkin soja, sai na duba." Na ce, "Mutumin fa?" Ya ce, "Wane mutum?" Na ce, "Direban. In mota tasu ce a ranar, shi ma nasu ne?" Muka shiga gari. Ya ce zai duba wannan ma. Ban sake ganinsa ba.

Ku samarin tasha, ba ni da dokar da zan ba ku. Abin da zan iya cewa, kada ku yi gardama da mai bindiga a bakin hanya. Ku nemi sunansa da ladabi, ku nemi takarda, ku rubuta lamba tun motar tana gabanku. Na yi ta tunanin in ce muku ku ɓoye aibin mota in irin wannan ta same ku, na kasa. Samari goma sha biyu ne a bayan motar nan, su ma suna da iyaye.

Yanzu roƙona ga masu karatu. Wanda ya san doka da gaske, ya taimaka ya bayyana mana a Hausar da za mu gane: ɗan sanda ko soja yana da ikon karɓar motar mutum, a wane hali, kuma ikon ya haɗa da wanda ke jan ta? Sannan tsofaffin sojoji da tsofaffin direbobi da suka yi kudu a shekarun nan, ko 'ya'yansu da suka ji labari a bakinsu: ko akwai wanda ya san wani direba Mato, mutumin Roni, gajere mai faɗin ƙirji, mai jan mota mai bodin katako da ake ɗaure ƙofarta da waya? Iya Hajo ta rasu. 'Yarsu Binta tana nan a Roni da jikokinta, ita garin da aka binne shi kawai take so ta sani. A bar saƙo a tashar Kazaure, a ce na Baba Hamisu Akawu ne, zai same ni.

Ni kuma ina da tawa tambayar. In ciwo ne ya ɗauke shi, ko harsashi, a faɗa mini. In kuwa mota ce ta faɗi da shi da mutanen da ke bayansa, ina roƙon wanda ya sani kada ya dubi tsufana ya sassauta labarin. Ya gaya mini wurin, ni direba ne, zan gane hanyar. Ya kuma gaya mini ko da rana abin ya faru, ko bayan magariba.